Ba Komai

Litinin, 6 ga Mayu, 1991

Kotu ta kira ni. Ni Asama'u, wai ƙwararriya a kan halin yara! Malam Lado sai tsokana yake yi, wai aikin jinya ya kai matarsa gaban majistare, shi kam zai fara tashi tsaye in na shigo ɗaki. Na ce ya fara tun yau.

Maganar Sailuba ce, marainiyar nan 'yar shekara bakwai da aka kawo mana sashen yara da shaidar dutsen guga a gadon bayanta. Baffanta Jalo ke riƙonta. In kotu ta yarda ba abin da ya faru, gidansa za a mayar da ita. Wannan kam ya tsaya mini a rai.

Alhamis, 9 ga Mayu

Ashe ga inda aka kwana. An tambayi Sailuba a kotu, baffan na zaune yana kallonta, me ya sami bayanki? Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba komai." Tafinta kuwa ya juya wa majistare da Turanci cewa ba abin da ya faru. Haba Malam tafinta! Kai ba a Zazzau aka haife ka ba?

Litinin, 13 ga Mayu

Na goge farin mayafina. Gobe ne zan tsaya gaban majistare.

Talata, 14 ga Mayu

Alhamdu lillahi, na yi magana, kuma muryata ba ta yi rawa ba. Na ce yaron da aka cutar yakan musa, balle wanda ya cutar da shi ne ke ci da shi. Ga tsoro, ga kunya, ga horon da muka yi masa da kanmu cewa ba a kai ƙarar babba.

Lauyan Jalo ya taso yana ɗingishi, ƙafarsa a naɗe da bandeji. Ya ce, "Sista, yarinya da bakinta ta ce ba komai." Na roƙi majistare izinin tambaya ɗaya. Na juya ga lauyan na ce, "Ranka ya daɗe, me ya sami ƙafar?" Kafin ya ankara ya ce, "Ba komai." Kotu ta ɗauki dariya, har majistare sai da ya duƙar da kai. Shi ma lauyan ya murmusa, ba mugu ba ne, aikinsa yake yi.

An ce za a sake tambayar Sailuba a ofishin majistare, ba baffan, kakarta Hajiya Nana na gefenta.

Laraba, 22 ga Mayu

Sailuba ta faɗi abin da aka yi mata. An ba Hajiya Nana riƙonta. Na yi kuka a bayan ɗakin magani, na ce wa abokan aiki mura ce.

Asabar, 25 ga Mayu

Na biya ta Ƙofar Doka, gidan Hajiya Nana. Duba ciwo kawai na je yi, aiki ne. Alewar da na riƙe ma a hanya na gan ta. Malam Lado wai na yi sabuwar 'ya, shi dai da surutu.

Na same ta tana tsince wa kakarta shinkafa. Na ce, "Sailuba, yaya bayan?" Ta ɗago ta dube ni ido cikin ido ta ce, "Inna Sista, yana yi mini ciwo."

Tunda nake aikin nan ban taɓa jin daɗin yaro ya ce mini yana jin ciwo ba sai yau.