Rigar Yaya a Kan Kwamfuta

Daren Talata, Dutsin-Ma

Sau huɗu yau kwamfutar marigayi Yaya Kabiru tana ɗaukewa ta tashi da kanta, ina tsakiyar buga wa ɗalibai takardu. Fuskarta ta yi zane-zane, ta yi baƙi, sai ga hotonsa yana murmushi.

Malam Isuhu mai gyara ya zo daga Kurfi. Yana shigowa ya yaye rigar Yaya da Inna ta lulluɓe injin da ita tun sadakar bakwai.

Ya ce, "Malama, ai kun toshe mata iska. Zafi ke kashe ta."

Tun la'asar take aiki lafiya lau, ba ta sake nuna mini shi ba. Rigar na kan cinyata. Sau biyu ina miƙewa in mayar da ita kan injin.