Yayana ya ɓoye sikanar ɗin Baba, ni aka ce in durƙusa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara kafin Juma'a.

Ni ma'aikaciyar gidan rediyo ce a nan Yamai, aikina fassara labarai daga Faransanci zuwa Hausa, asalinmu mutanen Tawa ne. Mu biyu ne wurin mahaifinmu, ni da yayana namiji. Wata huɗu da suka wuce Baba ya fara jin ƙirjinsa na matsewa in ya taka zuwa masallaci, sai na ɗauko shi ya zauna wurina a unguwar Bobiel, na kai shi wurin likitan zuciya. Likita ya sa aka yi masa sikanar, wato hoton jijiyoyin zuciya. Da sakamako ya fito ya nuna mana a allo, babbar jijiya ɗaya ta taurare, sinadarin kalsiyom ya zagaye ta ta ciki kamar siminti a bututu. Ya ce amfanin hoton ke nan, a san kaurin abin da tsawonsa kafin a taɓa. Ya ce irin wannan ba a buɗe ta da balan-balan kai tsaye, sai an fara farfasa taurin da wata na'ura da ba shi da ita, don haka a fita da Baba ƙasar waje. Baba ba ya jin Faransanci, na fassara masa daidai, ban ƙara ba ban rage ba.

Kun san a gidajenmu takardun uba hannun babban ɗa suke zama. Yaya ya karɓi ambulan ɗin da faifan hoton a ciki, ban yi musu ba. Daga baya matarsa ta gaya mini abin da ya ci masa rai, wai za a ce ƙanwa mace ce ta fitar da Baba waje yana zaune. Ina wurin aiki ya zo ya ɗauki Baba, ya kai shi wata kilinik, wato asibitin kuɗi, da abokinsa ya ce ana sa ƙarfen buɗe jijiya a yini ɗaya. Aka shiga, aka hura balan-balan, jijiya ta ƙi buɗewa, ta tsage. Allah ya yi da sauran kwana, amma yanzu Baba daga gado sai kujera, alwala ma sai an riƙe shi.

Abin da ya kawo ni nan shi ne abin da ya biyo baya. Yaya ya shaida wa dangi cewa ruwan da aka ɗura wa Baba lokacin sikanar ɗina ne ya lalata masa zuciya, kuma fassarata ce ta tsorata shi. Inna ta yarda. In na kai abinci sai ta ce a ajiye, ba ta barina da Baba mu kaɗai. Da na yi wa Yaya magana ya ce in san da wa nake magana, nan ba rediyo ba ne.

Ban yi kuka ba, na yi abin da na iya. Na koma inda aka yi hoton na karɓi wani faifan, na kai wa likitan kilinik ɗin da ya hura balan-balan. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce da ya ga wannan da bai taɓa jijiyar a haka ba. Ya buɗe dosiye, wato fayil ɗin Baba, ya nuna mini inda aka tambaya ko an taɓa yin sikanar. An rubuta a'a, ga sa hannun yayana a ƙasa. Na ɗauki hoton takardar.

Juma'a mai zuwa Kawu ya kira taro a gidansa na unguwar Saga, an ce in zo in durƙusa in ba Yaya haƙuri a gaban kowa, Baba ma za a kawo shi. Gaskiya ina so in miƙe in karanta takardar nan da muryar da nake karanta labarai, a hankali, har sa hannun. Ina so Inna ta juya ta kalle shi. Ina so ya ji yadda abinci ke sanyi a ƙofar ɗaki.

Amma likitan farko ya ce har yanzu ana iya gyara in an fita da wuri, kuma kada a tayar wa Baba da hankali. Baba kuwa ba ya hawa jirgi sai Yaya ya ce ya hau. Matar Yaya ta ce in na durƙusa zai amince, in na tona shi ko gawata ba zai bi ba, balle shawarata.

To jama'a, in durƙusa wa wanda ya kwantar da ubana, in ɗauki laifinsa har Baba ya samu magani, sannan in fito da takardar? Ko in karanta ta ranar Juma'a? In kuma na jira, Allah ya karɓi Baba yana ganin ni na cuce shi, wa zan karanta wa?