Kwalbar da Kaltume ta Dawo da Ita

Kajiji, ƙasar Shagari,
Maris, 1983.

Zuwa ga uwargida Rahamatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Inna da 'yarmu Safiyya. Yaya zafin Gusau? Ni dai ƙalau, sai gajiya.

Kin tambayi ranar zuwana. Ƙyanda ta shigo ƙauyukan nan, kuma ni kaɗai ne a ɗakin shan magani. Na bi motar albasa har Boɗinga neman agaji. Mai kula da ma'ajiyar magani ƙofa kawai ya buɗe mini na ga kantoci wayam. Ban ga laifinsa ba. Motocin masu neman ƙuri'a kullum suna gane hanyar garin nan, motar magani ce kaɗai ta ɓata.

Jiya wata mata, Kaltume, ta goyo ɗanta Sodangi daga Mandera a ƙafa. Ƙyandar ta sauka masa a ƙirji, yana numfashi kamar ana jan zarto. Kwalba ɗaya ta maganin ƙirji ta rage mini, na ba ta. Na ce cokali ɗaya safe, rana da yamma har ya ƙare, sannan ta dawo mini da kwalbar, don yanzu ita ma wuya take. In ya shanye duka, zai tashi da yardar Allah. Ki sa shi a addu'a.

Mijinki,
Mijinyawa.

Kajiji,
Afrilu, 1983.

Rahamatu,

Ina gaisuwa. Yaya ƙafar Inna?

Sodangi ya rasu.

Kaltume ta zo da kanta ta faɗa mini. Ashe yara huɗu ne kwance a gidan, nata da na ƙanin mijinta. A gidansu ba a ba yaro ɗaya abu sauran na kallo, ko ƙuli-ƙuli ne sai an gutsura wa kowa. Haka ta yi da maganin, cokali ɗaya tana zagaya bakuna huɗu. Kafin a je ko'ina ya ƙare.

Raina ya ɓaci, na yi mata faɗa a gaban mutane. Ta bari na gama, sannan ta tambaye ni a hankali, da ni ne, wanne zan tsallake. Tarbiyyar da muke yaba wa mace da ita ce ta bi. Rabon ba shi ya kashe yaron ba, Rahamatu, kwalba ɗaya a gidan mutum huɗu ce ta kashe shi. Su kuwa manyan da suka ce mu ɗaure ciki, nasu 'ya'yan ba su san cokalin karo-karo ba.

Da za ta tafi, ta kwance bakin zanenta ta miƙo mini kwalbar, ta wanke ta tas, kamar yadda na ce. Har da albasa ta kawo mini don godiya.

Na ɗora kwalbar a kan kantar magani kusa da 'yan uwanta. Yanzu ba abin da muke da shi da yawa kamar kwalabe masu tsabta.

Ki rungume mini Safiyya.

Naki,
Mijinyawa.