Dutsen Taimamar Baba

Wudil, ranar kasuwa.

Zuwa ga Yaya Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya sanyin Ingila, yaya karatu, yaya Hajara da yara? Mu nan sai godiya.

Saƙonka ya iso game da dutsen da ka manta a ɗakin Baba, mai shatin fiffiken ƙwaron zamanin da, ɗan'uwan zanzaro. Ka ce da jijiyoyin fiffiken za ka gane danginsa, don haka in bai wa masu zuwa Landan sarin kaya su kai maka.

Dutsen yana nan, amma ba zai aiku ba. Tun faɗuwar damina jikin Baba ya ƙi, likita ya hana shi taɓa ruwa, da dutsenka yake taimama. Har rabin fiffiken ya shafe. Na yi masa bayani, ya ce, "Ƙwaron da ya yi shekaru aru-aru a kwance, ya ƙara haƙuri. Mai dutse ya zo da kansa."

Yaya, ƙwaron zai jira. Baba ne ban sani ba.

Ka sa shi a addu'a. Inna da mutanen ƙauyen Utai suna gaishe ku.

Ƙaninka,
Garba.