Rakiyar da na yi wa jami'inku ce ta hana ni tallafi

Zuwa ga Shugaban ofishin tallafa wa masu nakasa na jiha,

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe, ina gaishe ka da aiki, da fatan iyali da ma'aikatanka suna lafiya. Sunana Sahabi, manomin albasa daga wani ƙauye kusa da Danchadi, ƙasar Bodinga, uban ɗiya mata huɗu. Bokona a aji huɗu na firamare ya tsaya, kuma ko a can malamin ya fi sanina wajen ɗebo masa ruwa. In ka ga rubutun ya karkace, ka yi haƙuri, iyakar ƙoƙarina ke nan.

Damina biyu ke nan da motar albasa ta kife da mu a hanyar Shagari. Buhunan sunka tsira, ƙafata ta hagu ba ta tsira ba. Akwai ƙarfe a cikinta, gwiwar ba ta lanƙwasuwa, sallah ma a zaune nake yi. Na nemi tallafin wata-wata da kuke ba irinmu don in riƙa ɗaukar mai yi mini ban ruwa. In babu shi, sai dai in sayar da 'yar fadamar da ke ciyar da ɗiyan nan, kuma mai saye ya riga ya fara gaishe ni fiye da kima.

Anka hana ni. Takardar da Turanci ta zo, hedimasta ya karanta mini: wai jami'inku ya same ni ina tafiya da ƙafata, kuma gidana ba na mabuƙaci ba ne. Wallahi bawan Allah bai yi ƙarya ba, abin da ya gani ya rubuta. Ga yadda anka yi ya gan shi.

Na ɗaya, tun ana sauran kwana uku anka aiko cewa baƙo na zuwa daga Sakkwato. Mu kuwa nan ba a barin baƙo ya ga asirin gida. Maƙwabcina Alhaji Maidamma ya aiko da darduma da kujerun roba. Surukina ya ara mini babbar rigarsa ta zuwa Idi, ta rufe ni har idon sawu. Uwar ɗiyana ta yanka zakaranmu tilo, wanda shi ne agogon gidan. Sandunan da nake dogarawa kuwa, ni da hannuna na tura su bayan rumbu. Kunya nake ji. Da na zauna bisa kujerar nan, ni kaina sai da na ji kamar a zo neman taimako wurina.

Na biyu, rakiya. Da ya tashi tafiya ya ce in yi zamana. Ranka shi daɗe, yaushe baƙo ya taɓa cewa a zauna anka zauna? Na cije, na dafa bango, na raka shi har bakin titi inda motarsa take, ina ba shi labari yana dariya. Motar na ɓacewa na zube gindin darbejiya. A baron kwasar taki anka mai da ni gida, cikin rigar surukina. Kwana huɗu ban taka ƙasa ba. Wannan ɓangaren ba ya cikin rahoto, don mai rahoton ya riga ya kai Sifawa, a hanyarsa ta komawa Sakkwato.

Laifin nawa ne, na yarda. Amma ladabi na yi, ba zamba ba. Wani ma'aikaci mai kirki a Bodinga ya shaida mini ana iya ɗaukaka ƙara a sake duba takardun mutum, kuma ya taɓa ganin wanda anka sake dubawa ya dace. Tun ranar zuciyata ta yi sanyi.

Roƙona shi ne a sake buɗe takarduna, a kai ni gaban likitan da kunka yarda da shi, ya ɗauki hoton ƙafar; ƙarfen ba ya jin kunyar kowa. In za a sake turo jami'i, don Allah ya faɗo mana ba sanarwa, ya same mu yadda Allah ya ajiye mu. Kuma a gaya wa jami'anku su riƙa tambayar mai gida ko kujerar da ya zauna a kai tasa ce. Ba ni kaɗai na yi wannan wauta ba a ƙasar nan, ni ne dai na iya rubuta ta.

Na ce wa mai son fadamar ya dakata. Ranar Juma'ar da ta wuce, ina zaune bisa kunyar gona ina nuna wa matata da sanda, munka yafa irin albasa. Kafin ya isa dashe nake sa ran amsarku.

Allah shi ƙara maka lafiya da adalci, shi tsare ƙafafunka biyu, shi raya maka zuri'a.

Wassalam.

Naka,
Sahabi mai albasa