Jaririn Da Babu Shi A Cikin Littafin

Budafest, 9 ga Maris

Yaya Miksa,

Aminci ya tabbata gare ka. Ina fata ka isa Haifa lafiya, gwiwar nan kuma ta daina damunka. Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba mu haƙurin rashin Mama.

Ranar Laraba na gane yadda ƙanin Mama, Tibi, ya mutu. Ba zazzaɓi ba ne, kamar yadda aka gaya mana tun muna yara. Jikata Bori ce ta sanar da ni, yarinya 'yar shekara biyar.

Ka san 'yata Noemi tana bar mini yaran idan za ta wurin aiki. Akwai wani littafi mai hotuna da Mama take karanta wa Bori, labarin wata yarinya Bayahudiya da danginta suka ɓuya a ɗakin ƙarƙashin ƙasa lokacin yaƙi. Bayan mun gama zaman makoki Bori ta kawo mini shi. Ni karatuna ka san shi, da yatsa nake bi. Ina cikin yi sai ta ture hannuna, wai ni ban iya ba, na tsallake wurin jariri. Na duba gaba da baya, babu jariri. Sai na tuna shekara biyu ke nan idon Mama bai ganin rubutu. Riƙe littafin kawai take yi, tana faɗin nata.

Na ce to ta karanta mini yadda Tsohuwa, wato Mama, take yi. Ta gyara zama ta ce sojoji suna tafiya a sama, jariri ya fara kuka, uwar tana can ƙurya ba ta iya motsi, sai manya suka yi wa yarinyar raɗa ta rufe masa baki. Ta rufe sosai, har takalman suka tafi, kowa ya ce yarinyar kirki ce. Na tambaye ta jaririn fa? Ta ce haba Kaka, barci ya yi mana, ba a tashinsa. Yaya, Tibi ne jaririn, shekarar Mama bakwai a lokacin. Ta haife mu, ta aurar da mu, ba ta faɗa wa kowa ba, sai wannan 'yar tatsitsiya.

Da a nan ya tsaya da na haɗiye. Jiya da hantsi mai kawo wasiƙu ya buga ƙararrawa, ƙanin Bori, Samu, ya tsorata ya tsala kuka. Na karɓi saƙo na dawo, na tarar Bori ta danne masa baki da hanci da hannu biyu, fuskarsa ta canza launi. Na fizge ta, na mare ta, Allah ya yafe mini. Ya numfasa, lafiyarsa ƙalau. Ita kuwa kuka take tana cewa ai bai gama yin shiru ba, me ya sa ban ce mata yarinyar kirki ba.

Ina kewar Mama kamar in mutu, kuma ina jin haushinta. Ban san inda zan ajiye su biyun ba.

Ka gai da matarka Ilka, da ɗanka Gabor da amaryarsa. Kada ka bari Goggo Rozi ta ji wannan tukuna.

Ƙanwarka,
Vilma

Ban gaya wa Noemi ba har yanzu. Ranar Litinin za ta sake kawo mini su, su biyun.