Birin da Ke da Hannun Baba

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina maigidanki da yara, yaya zaman Legas? Mu nan Kwatarkwashi lafiya lau, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Abin da na gani ranar Talata ya sa na ɗauki biro. Na bi Baba gonar gindin dutse korar birai daga masara. Muka kaɗa gwangwani, duk suka haye dutse, sai wani tsohon gwaggon biri da ya kasa gudu. Yaya, ikon Allah! Fuskarsa a kumbure, yatsunsa sun guntule kamar na Baba. Da hannu biyu ya tallabi masarar, yadda Baba ke riƙe moɗa.

Na ɗaga majajjawa, Baba ya ce, "Aje." Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Shekara talatin ana cewa kifi da nono na haɗa na jawo wa kaina kuturta. To, wannan wa ya dama masa nono?"

Da na ba malamin asibiti labari, ya ce sai an gwada birin a tabbatar ko kuturta ce. Baba dai ya bar wa birin kunya biyu na masara.

Ki gaida kowa, ki sa mu a addu'a. Tun daga ranar nan Baba bai ƙara ɓoye hannunsa cikin riga ba.

Ƙanenki,
Sani